Ranar da Bihi Ya Ɓace a Bayan Kwalba

Bihi maƙwabcinmu shekararsa talatin da tara, amma gwiwarsa ta hagu ta ba saba'in baya. In zai sauko daga matakalar gidansa da safe sai ya dafa bango yana nishi kamar tsohuwar da ta ɗauko itace. Amma ɗora shi a kan keke ka turo shi daga ƙolin dutse, sai ka rantse babu ƙashi a jikinsa. Shekara ashirin ke nan yana wannan tseren na gangarowa, inda ake duba wanda ya riga isowa ƙasa da haƙoransa cikakku. Nasa dai biyu suna can a dutsen har yau. Sauran kwanakin shekara kuwa yana shagonsa a garinmu Asni, yana liƙe tayoyin baƙi masu yawon duwatsu.

A da tseren namu ne. Alfadarai ke hawa da kekuna, a ɗaura tsumma a jikin itatuwa don nuna hanya, wanda ya ci a yanka akuya kowa ya sa hannu a tajin, dahuwar naman da muke yi a kasko. Sai wani kamfanin lemon gwangwani daga birnin Kazabalanka ya zo da kuɗinsa, ya taho da 'yan talabijin. Suka datse kan hanyar saboda wayoyinsu ba sa kaiwa sama. Suka ce mutum goma sha biyar kawai za a nuna, sauran su yi tserensu da sassafe su da Allahnsu. Yaran birni suka zo da manyan motoci, kowa da makanikensa da mai matsa masa ƙafa. Bihi kuwa shi ne direba, shi ne makanike, matarsa Ittu ce mai ɗaure gwiwa.

Masu tallafa masa ƙungiyar matan garinmu ce masu sayar da zuma. Shekara shida su ke saya masa taya da birki, shi kuma ya sa rigar da suka ɗinka sunansu a ƙirji. Bana shugabarsu, Lalla Tuda, ta zo shagon da kanta, ta ƙi zama, ta ce matan sun yi shawara.

"Ɗana, ba ƙin ka muka yi ba. Amma shekara shida sunanmu na gangarowa daga dutse, awaki kaɗai ke karantawa. In bana bai fito a talabijin ba, mun gama."

Bihi bai yi musu ba. Ya san ba tare da su ba, taya ɗaya ta tseren ta fi ƙarfinsa. Ranar tantancewa ya matse ya zo na goma sha huɗu, da ƙyar da jiɓin goshi. Ya shiga cikin waɗanda za a nuna.

To, kusa da ƙasa akwai inda hanyar ta rabu biyu, kuma doka ta yarda da kowacce. Ta hagu sabuwa ce: kamfanin ya gina tudun katako a fili, mutum ya yi tsalle ya tashi sama ƙirjinsa na kallon kyamara. Ta dama tsohuwar hanyar alfadarai ce, siririya, mai duwatsu da ruwan da ke tsattsafowa. Duk ɗan garin nan ya san ta fi sauri, amma baƙi tsoronta suke ji. A bakinta kamfanin ya kafa wata ƙatuwar kwalbar lemo ta roba da aka hura da iska, ta fi gidan liman tsawo, ta rufe wa kyamara hanyar ruf.

Bihi ya yi rantsuwa hagu zai bi. Ya gwada tsallen sau huɗu ranar Juma'a, gwiwar ta kumbura kamar burodin da ya ji yisti. Ittu tana ɗaurewa tana mita, wai ta auri mutum ta wayi gari da allon talla.

Ranar Lahadi da azahar muka cika shagon shayin Si Mbarak, don shi kaɗai ya biya kuɗin tashar talabijin ɗin. Matan zuma suka jera benci a bakin ƙofa, Lalla Tuda a gaba da tabaraunta.

Can sama Bihi ya taso lafiya. Ya ratsa itatuwa, ya wuce duwatsun da suka san shi ya san su, yana ta nanata wa kansa hagu, hagu. Da ya iso mararrabar sai ya tsinci kansa a dama. Daga baya ya ce shi bai yanke komai ba, hannuwansa ne suka bi inda suka saba bi shekara ashirin, bai farga ba sai da ruwan taɓo ya fantsamo masa a fuska.

Mu abin da muka gani shi ne wani abu kamar ƙuda ya fito daga itatuwa ya shige bayan kwalba. Kyamara ta tsaya tana kallon tudun katako, babu kowa. Mai sharhi ya ce da alama mahayin ya faɗi, aka juya ana hira da wani yaro mai gashi ja. Sai da Bihi ya tsallake layin ƙarshe aka dawo kansa, taɓo tun daga haɓa har cibiya, ko harafi ɗaya ba a gani a rigar. Na shida ya zo. Bai taɓa yin irin wannan gudun ba a rayuwarsa. Si Mbarak ya ce a tafa masa, muka tafa, matan kuma suka ɗauki bencinsu.

Washegari Lalla Tuda ta aiko da kwalbar zuma a shafa wa gwiwa. Da suka haɗu a kasuwa ta ce, "An ce ka yi na shida, Allah ya yi albarka. Mu dai lemo muka gani." Tallafin ya tsaya nan, shi ma bai roƙa ba.

Bayan mako biyu wani ma'aikacin kamfanin, Si Yasin, ya zo shagon da baƙin tabarau. Bihi ya haɗa masa shayi, zuciyarsa na ɗan raya masa wani abu. Ashe ba ɗaukar nauyin tserensa aka zo yi ba. An yanke shawarar toshe hanyar alfadarai ne, tunda tana ɓoye mahaya, kuma suna neman wanda ya san dutsen ya kafa musu turaku, ya riƙa gyara hanya duk shekara. Bihi ya ajiye kofinsa ya tambaya yaushe za a fara.

Da bazara ya hau da guduma da igiya ya toshe ta da hannunsa. Na tare shi da yamma, na kira shi yadda muke kiran yayyenmu, na ce, "Dadda Bihi, yau na nawa ka zo?" Bai ko harare ni ba. Ya zauna a kan dakalina ya cire takalmi. Awa ɗaya da kwata ya yi yana saukowa da ƙafa, inda keke ke yi cikin minti huɗu. Ya ce shi bai taɓa sanin dutsen na da tsawo haka ba.