Ruwa a Kusurwar Ɗakin Amarya

Ɗakin da na gada daga mahaifina ya fi layinmu ƙasa. Ba haka aka gina shi ba. Kowace damina mutanen unguwa suna zuba ƙasa a layin don a samu wurin taka ƙafa, layin yana ta hawa, ɗakin yana nan inda yake, har ya zama sai ka sauka kafin ka shiga. A nan na yi niyyar ajiye 'yar kawuna, wadda nake so tun muna tsinkar auduga a gona ɗaya. Na shafe bangon da farar ƙasa, na rataya labule shuɗi, don a littattafan soyayya da nake karantawa ɗakin amarya ba ya rasa labule.

Da Kawu ya zo dubawa bai kalli labulen ba. Ya durƙusa, ya kankare farar ƙasar da farce, sai ga shatin ruwan bara ya fito. Ya ce ba zai sa ranar biki ba sai ɗakin ya ƙare damina babu ruwa a cikinsa.

Yayana ne ya kawo ƙaramar tulumba daga garin Sinja, wato famfo mai aiki da lantarki. Na ɗauka a waje za a kafa ta, ta tare ruwan tun kafin ya iso. Sai na ga ya shiga ɗakin da diga, ya fara haƙa rami a kusurwa. Na tambaye shi ko ruwan muke kora ko rijiya muke gina masa. Ya ce in daina surutu in kwashe ƙasa. Muka binne rabin ganga da aka huda ta ko'ina, muka zuba tsakuwa kewaye da ita, muka saka tulumbar a ciki, muka fitar da tiyo ta bango zuwa layi. Akwai wata 'yar ƙwallo a jikinta, wai idan ruwa ya ɗaga ta injin zai tashi da kansa. Ya yi mini bayani, na gyaɗa kai, amma zuciyata tana kan ramin da aka yi mini a ɗakin amarya.

Ruwan farko mai ƙarfi da hantsi ya sauka. Ina tsaye sai na ji gangar tana cika ta ƙasa, can sai injin ya yi gurnani, tiyo ya fara amai a layi. Na yi murna. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito, amma tulumbar ba ta huta ba. Ta kwashe, gangar ta sake cika, ta sake kwashewa.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Yaya ya ce babbar tur'a ce, hanyar ruwan gonaki, take tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa. Inna ta ce akwai tsohon ramin ajiye dawa a wurin tun zamanin kakanninmu. Da na leƙa layi kuma, sai na tarar gwaggona da ke maƙwabtaka da mu ta ja 'yar kwata da fartanya don kawar da ruwanmu daga ƙofarta. Maƙwabcin da ke gaba da ita shi ma ya tare ya juya shi, kamar yadda muka saba yi a gona, ruwan ya zagaya ya dawo ya kwanta a gindin bangona. Na ce wa Yaya anya ba ruwa ɗaya muke ta kwashewa ba? Ya tsaya ya yi tunani, ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba haka ba ne.

Haka muka ci damina. Idan an ɗauke wuta in kwashe da bokiti, idan ta dawo in zauna ina sauraron gurnanin, ina tunanin ko amaryar za ta iya barci da shi.

Da dawa ta fara nuna Kawu ya dawo. Ya cire takalmi, ya taka ko'ina, ya shafa bango. Sannan ya tsaya a kan gangar, wadda ke da ruwa har rabi.

"Ƙasa dai a bushe take," in ji shi. "To wannan fa mine ne, ɗana?"

"Ruwa ne, Kawu."

"A cikin ɗakin yake ko a waje?"

Na leƙa gangar ni ma. Shi kuwa ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya sa takalminsa ya fita, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na rasa ko in yi murna ko in fara neman wani ɗaki.

Ana cikin haka, ranar Juma'a, matar Kawu ta shigo gidanmu ta zauna da Inna a rumfa. Ina jin su suna maganar lalle da turaren wuta da wanda zai yanka rago. Ba wanda ya kira ni. Da za ta tafi ta leƙa ɗakin, ta ce in sa wa ramin nan murfi mai nauyi kafin watan gobe, ba ta son 'yarta ta karya ƙafa a makon farko.