Gawar da Ta Gaishe da Surukinta

Duk mai kiran ƙanena Maiwada "Gawa Mai Ladabi" a kasuwar Kudan, ya zo ya faɗa a gabana. Ni Azumi na goye shi, ni zan ba da labarinsa yadda yake.

Maiwada gyaran injin ban-ruwa yake yi. Tun yana yaro ba shi da surutu, amma da an ce wasan kwaikwayo sai jikinsa ya hau rawa. Ya shiga ƙungiyar wasa ta unguwarmu tun kafin ya yi aure, kuma tun daga lokacin abu ɗaya suke ba shi: gawa. Shugabansu Shamsuddeen ya ce duk ƙasar Zazzau babu mai mutuwa kamarsa. Gaskiya ne. Ƙuda ya taɓa shiga hancinsa ya fito bai motsa ba. Shi kuwa burinsa ya naɗa rawani ya fito a mai unguwa, ya buɗe baki ya yi magana ko sau ɗaya.

Bara bayan an cire dankali, suka shirya wasa a filin firamare kan illar yin feshi ba a rufe hanci ba. Shamsuddeen ya yi masa alkawari a gabana: "Ka mutu da kyau yau, wasa na gaba rawani naka ne."

Ya mutu da kyau. Ya shaƙi magani, ya dafe ƙirji, ya zube a tabarma, aka lulluɓe shi da farin yadi. Sadiƙ tela, wanda ya ɗaura zane ya fito a matarsa, yana ta birgima yana ihu.

Ana haka sai ga Malam Uwaisu, surukin Maiwada, daga Gubuchi. Ya je gida aka ce masa suna firamare. Tsohon ba ya ji sosai, idon ma sai a hankali, kuma bai taɓa kallon wasa ba. Ya ratso jama'a da sandarsa, ya gane takalman da ke bakin tabarma, don shi ya kawo masa su tsaraba. Ya tsaya a kan gawa ya yi sallama.

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne surukinsa zai yi masa sallama ya ci gaba da kwanciya?

Yadi ya motsa. Gawa ta tashi, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai.

"Wa alaikumus salam. Baba, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya? Ya su Inna?"

"Lafiya lau. Me ya same ka kake kwance da rana tsaka?"

"Maganin feshi ne, Baba."

"Assha. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Tsohon ya juya ya dubi Sadiƙ, da gashin bakinsa a ƙarƙashin mayafi. "Wannan fa? Aure ka ƙara ba mu ji ba?"

Sadiƙ ma ya durƙusa, ya maƙale murya. "Ina wuni, Baba. Ni takaba nake yi."

Mutane suka yi ta faɗowa daga benci. Sai da suka gaisa har kan shanu da rake, sannan Malam Uwaisu ya ce, "Koma ka kwanta, Allah ya ƙara sauƙi." Maiwada ya ce amin, ya ja yadinsa, ya sake mutuwa.

Washegari Shamsuddeen ya ce babu rawani, wai an ɓata masa wasa. Na same shi a shagonsa na cajin waya.

"Kai Shamsu, in naka surukin ne, kwanciya za ka yi?"

"Yaya Azumi, ai gawa ba ta magana."

"Gawar da ba ta da tarbiyya ba."

Amma da aka gayyace su Makarfi, masu gayyatar suka ce wasan gawa mai gaisuwa suke so, in babu shi a bari. Nan da nan Shamsuddeen ya sa gaisuwar a cikin wasan, har yana cewa dabararsa ce. Yanzu Maiwada ya fi kowa yawan magana a ƙungiyar.

Sai dai har yau a cikin farin yadi yake yin ta. Rawanin da ya saya yana nan rataye a ƙusa, kuma ni ban gama da Shamsu ba.