Ritayar Gwaggo

Inna Mai Tatsa ta fara tatsar awaki tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. A gidan ubanta ta koyi dabarar da ta riƙe har girma: kafin ta tatsa, sai ta ɗiga nonon a tafin hannu ta lasa. In ta ji gishiri-gishiri, to hantsar akuyar na shirin ciwo, ko da ido bai ga komai ba. Da wannan harshen ta yi aiki a gonaki uku, ta aurar da 'ya'ya huɗu, sannan tana da shekara hamsin da biyu aka ɗauke ta a gonar bincike, inda aka ja mata kunne kada ta kuskura ta lasa.

Awakin wurin ba irin na kowa ba ne. Masana sun saka musu ƙwayar halittar ɗan'adam tun kafin a haife su, don nononsu ya zo da wani sinadari da ake tacewa a yi magani. Ba a sha, ba a sayarwa. Ranar farko Inna ta sa farar riga da takalman roba da safar hannu da takunkumi, amma hannu ya riga ya saba. Ta ɗiga, ta kai baki, nonon ya tsaya a kan takunkumi. Likitar dabbobin, wata siririya sa'ar autarta, ta kusa suma.

"Inna! Don girman Allah!"

"Yi haƙuri, Likita. Hannun ne ba ya jin magana."

Da ta ba mijinta labari, tsohon direba mai bakin tsokana, ya yi dariya har ya ƙware. "Shekara talatin ina neman abin da zai rufe bakin nan," in ji shi, "ashe yana wajen awaki."

A cikin awaki arba'in, Inna ta ware ɗaya a zuciyarta, wata ja mai karkataccen ƙaho. Ta sa mata suna Gwaggo, don harararta sak ta ƙanwar babanta. Gwaggo ta fi kowa nono, ta fi kowa izza. Ita ke fara hawa dakalin tatsa kowace safiya, kuma in ba ta hau ba, babu mai motsi.

Likita ta taɓa yi wa Inna bayani cewa sinadarin nan baƙo ne a jikin akuya. A wasu yakan sa nono ya yi kauri, hantsa ta kumbura, nonon ya ƙafe da wuri, kuma masu bayarwa da yawa su suka fi shan wuya. Wata safiya Gwaggo ta sa ƙafa ta shure bakin injin tatsa. Inna ta ɗora bayan hannu a hantsar, ta ji ɗumi a ɓangaren hagu.

"Gwajin jiya bai nuna komai ba," in ji Likita.

"Jiya daban, yau daban. Da za ki bar ni in lasa..."

Likita ta harare ta, ta ɗauko wata 'yar na'ura ta tsoma a nonon. Gishirin ya haura sosai.

"Au, ashe kuna da harshen ƙarfe, kuka bar ni ina haɗiyar yawu!"

Mako biyu ana allura, Inna na gasa hantsar da tawul mai ɗumi, tana tatsa da hannu a hankali. Zazzaɓi ya sauka, amma nono ya ƙafe ƙaf. Dokar gonar kuwa a fili take: akuyar da ta daina bayarwa ba a sayar da ita, ba a kyautar, ba a ci. Allura ake mata ta kwanta, ba tashi. Inna ta ji tsoro ƙwarai, abinci ma ya fita ranta, har mijinta ya daina tsokana.

Ba ta roƙi Manajan gonar ba. Cewa ta yi, "Ranka ya daɗe, gobe a kulle Gwaggo, ka zo ka ga tatsa da idonka."

Ya zo. Aka buɗe ƙofa. Awaki talatin da tara suka tsaya cirko-cirko suna tuƙa suna kallonsa. Ya tura ɗaya ta dawo, ya ja wata ta turje, wata kuma ta kama gefen rigarsa tana tauna. Rabin awa, uku kacal aka tatsa. Sannan Inna ta zare sakata. Gwaggo ta fito tana takawa ɗai-ɗai, ta harari Manaja, ta hau dakali. Sauran suka jeru a bayanta.

Manaja ya share gumi ya dubi Likita. "A bar ta. Wannan ai ma'aikaciya ce."

Har yau Gwaggo ke fara hawa. Ta ci dusarta, Inna ta shafa busasshiyar hantsar ta gaishe ta, ta sauka ba a tatsi komai ba. A ranar da Manaja ya ce a bar ta dai, Inna ta duƙa tana gyara tiyon inji. Takunkumin da ta tsana ya yi mata rana, don shi ya shanye hawayen, babu wanda ya gani sai Gwaggo.