Hutun Da Na Ƙi Karɓa

A shekarar da abin ya faru ina da shekara arba'in da biyu. Ina tuƙa injin ɗaga kaya a wani sito da ke Birnin Masana'antu na Biyu, a kudancin Riyad, iyalina kuma suna gida Zariya. Allah ya yi ni dogo, irin dogon da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma tun ina saurayi ban taɓa kwana a asibiti ba. Wannan ya sa na ɗauki jikina tamkar ƙarfe. Na rubuto muku ne don in faɗi wautar da na tafka, amma ba zan ɓoye ba, har da ɗan alfahari a cikin labarin.

A kamfaninmu akwai wani injiniya, Bature ɗan Ostireliya, wanda ya haɗa ƙungiyar ƙwallon ƙasarsu daga ma'aikata da ɗalibai. Wasa ne da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, a kama da hannu, a buga da ƙafa, a zura tsakanin dogayen sanduna. Duk lokacin da za a fara, alƙali yakan cilla ƙwallon sama, dogaye biyu su yi tsalle, kowa na ƙoƙarin doke ta zuwa wajen mutanensa. Ranar da injiniyan ya fara ganina a bakin sito, sai ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa, ya ce ya daɗe yana neman mutum irina. Dariya na yi masa. Amma Juma'ar da ta biyo na je filin da suke haya a wajen unguwar Malaz, kuma daga ranar ban sake fashi ba. Shekara biyar ni ne mai tsallen ƙungiyar. Mukan kara da ƙungiyoyin Turawa da sauran baƙi mazauna garin, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya fi ni kai hannu sama ba. Har 'yan Sudan da ke zuwa kallo sun san ni.

Da sanyi muke buga kakar wasanmu, don haka da zarar zafi ya fara sassautawa sai a shiga shiri: mako shida na gudu da ɗaga ƙarfe, sannan wasannin gwaji uku. A wannan shekarar, ranar farko, injiniyan, wanda shi ne kocinmu, ya tara mu ya ce duk wanda ya haura arba'in zai rage gudu, kuma ba zai buga wasannin gwaji biyu na farko ba. Mu huɗu ne abin ya shafa. Ji na yi kamar an mare ni a gaban jama'a. Na ce masa ya nuna mini saurayi ɗaya a filin da zai riga ni kai wa ƙwallo. Ya ce babu, kuma ba don haka ya yanke hukuncin ba. Ban tsaya jin sauran bayanin ba, na ɗauki takalmana na tafi.

Cikinmu mu huɗun akwai aminina, wani Bamaraɗe direban babbar mota, wanda ya girme ni da shekara biyu. Shi ko a jikinsa. A hanyar komawa masauki ya ce mini, Malam, jiki amana ne, kuma tunda an ba ni hutu kyauta ni kam zan karɓa hannu bibbiyu. Na ce masa tsoro ne kawai ya kama shi, ya tsufa ya ƙi faɗi. Har yau in na tuna maganar nan nakan ji kunya. Shi kuwa sai ya ƙara muryar rediyo.

Daga nan na shiga yin nawa shirin a ɓoye. Kullum bayan sallar asuba sai in zagaya layin situna da gudu a kan kwalta, sannan in shiga aiki, da yamma kuma in je atisayen ƙungiya in yi wanda aka rage mana ina ɓata rai. A mako na uku bayan dunduniyata ta dama ya fara ciwo. Da safe in na sauko daga gado sai na dafa bango. Na sayi man zafi da ƙwayar kashe ciwo, na ci gaba. Aminina ya lura ina ɗingishi, ya yi mini magana sau biyu, na ce sabon takalmi ne yake matse ni.

Ranar wasan gwaji na biyu, wanda aka sa a gurbina bai samu zuwa ba, an riƙe shi a wurin aiki. Na ga dama ta samu. Na matsa wa kocin lamba, na bi shi har bakin fili. Ya kalle ni ido cikin ido ya tambaye ni ko akwai inda yake mini ciwo. Na ce lafiyata ƙalau. Ƙarya na yi masa, ina sane.

Gaskiya na buga wasa a ranar. Tsalle na farko da na biyu duk ni na ci. Akwai wata ƙwallo da ta zo daga sama, na taka kafaɗar wani ƙaton Bature na cafke ta da hannu biyu, fili ya ɗauki ihu. A raina na ce yau kocin zai gane kurensa. Ba a yi minti biyar ba alƙali ya sake cilla ƙwallo, na yunƙura zan tashi, sai na ji kamar an maka mini sanda a bayan ƙafa, na faɗi. Na waiwaya don in ga wanda ya doke ni, babu kowa kusa da ni. Na yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Aminina ne ya ciccibe ni shi da wasu, ya kai ni asibiti, kuma duk tsawon hanya bai ce ai na faɗa maka ba. Likita ya ce agarata ce ta tsinke, sai an yi aiki, kuma zan yi watanni ban taka birki ba.

A nan ne hankalina ya tashi. Da ƙafar dama nake cin abinci, ga igamata, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma mudirin sito, wato manajanmu, ya aiko cewa bai san ko kamfani zai sabunta wa direban da ba ya tuƙi ba. Na kira maiɗakina na faɗa mata komai. Sai ta tambaye ni, Baban yara, me zan ce musu, a wurin aiki ka ji ciwo ko a wurin wasa?

Da kocin ya zo duba ni, na gaya masa gaskiya, har gudun asuba da ƙwayoyin da nake sha. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a bakin gado ya ce bai hutar da ni don na ƙare ba, ya hutar da ni ne don wasannin ƙarshen kaka, lokacin da samari sun gaji kuma ake bukatar wanda ya san wasa. Ya ce da na tsaya ranar nan da na ji wannan bayanin. Shi ne kuma ya je ya sami mudir da kansa, aka mayar da ni bakin ƙofar sito ina tsara shigar motoci daga kan kujera har na warke. Aka sabunta igama. Ban san yadda zan gode masa ba, sai ya ce in biya shi da koyarwa.

Haka na koma fili da sandunan dogarawa. Na ɗauki dogayenmu biyu na koya musu abin da na sani: yadda ake karanta hannun alƙali, inda ake dasa ƙafa, yadda ake doke ƙwallo ta faɗa ƙirjin ɗan'uwa. Da farko zuciyata takan yi zafi in na ga wani a wurina. Daga baya sai na tsinci kaina ina ihu har muryata ta dushe. A wasan ƙarshe na kakar ana kunnen doki, ɗaya daga cikin waɗanda na koyar ya doke ƙwallo daidai yadda muka yi ta maimaitawa, ta faɗa hannun aminina Bamaraɗe, mai shekara arba'in da huɗu, wanda ya huta lokacin da aka ce ya huta. Ya ruga kamar ɗan ashirin ya zura ta tsakanin sanduna. Na jefar da sandata ɗaya ban sani ba. Da ya zo wurina na riƙe hannunsa na nemi gafarar maganar da na faɗa masa a mota. Ya yi dariya ya ce ai tsufan gaskiya ne, tsoron ne ƙarya.

Kaka ta gaba na dawo wasa. Rabin lokaci nake bugawa, kuma har yanzu ba kowa ke riga ni kai hannu sama ba. Ni ne ma kocin ya ɗora wa tsara hutun manya a lokacin shiri, kuma sunana nake fara rubutawa. Shekara uku ke nan babu ɗaya daga cikin manyanmu da ya kwanta jinya, kuma wannan ya fi mini kowace ƙwallo da na taɓa cafkewa.

Abin da na koya shi ne, a ce maka ka huta ba raini ba ne, sau da yawa wanda ya fi sanin darajarka ne yake faɗa. 'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar mutane, musamman waɗanda suka haura arba'in suna wasa ranar Juma'a, kada ku bar wasan, yana da amfani. Amma in jiki ya fara magana ku saurare shi, kuma in an tambaye ku ko akwai ciwo, ku faɗi gaskiya. Ƙafar da kuke tsalle da ita, ita ce mutanen gida suke jira ta kawo musu abinci.