Kukan Tsako a Cikin Waƙata

Kafin a san ni da sata, da tsaron raga aka san ni. A unguwarmu a Ƙanƙara, in an ce gola ba sai an faɗi suna ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ce ta riƙe ni da sana'ar ƙosai, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce talauci ne ya kai ni. Son a san ni ne kawai.

Mai horar da ƙungiyarmu Malam Sada ne, tsohon malamin firamare. Shi ke kuma sharhin wasa duk ranar da aka yi gasa a filinmu. Yana da wani makirufo da ya taɓa faɗuwa ƙasa, tun daga nan in an ɗaga murya sai ya yi wani siririn kuka a ƙarshe. Jama'a suka raɗa masa suna Tsako. In an ci ƙwallo Malam ya yi ihu, Tsako ya amsa, fili ya ɗauki dariya. A ɗakin kayan ƙungiya ake ajiye shi, makullin kuwa yana hannun Lawal, aminina, ɗan wasan gabanmu. Ban taɓa ganin mai gudu da ƙwallo irinsa ba. A cikin takalmin ƙwallonsa yake ɓoye makullin, a zauren gidansu, kuma ni kaɗai na san haka.

Waƙa ta shigo mini ta waya. Na samu manhajar haɗa kiɗa, na yi wata 'yar waƙa, abokai uku suka ce na iya. Shi ke nan kaina ya kumbura. Na fara tsallake atisaye, har na daina zuwa gaba ɗaya. Na mayar da ɗakina situdiyo. Na ji ana cewa kwalin ƙwai yana tsare sauti, sai na riƙa ɗauko na maƙwabciyarmu mai kiwon kaji ɗaya-ɗaya ina mannawa a bango. Ban ɗauke shi sata ba, ai kwali ne. Na rataye bargon Inna a ƙofa, na jingina katifata a taga ina kwana a tabarma. Daga kwali sai cajar wani, daga caja sai wayar haɗa sauti a shagon mai gyaran rediyo. Kowanne sai in ce wa kaina aro ne.

Duk da haka muryata a waya kamar mai magana a cikin randa take fita. Makirufo nake bukata, kuma na san inda guda yake.

Ranar Juma'a ce, da rana tsaka, unguwa duk ta tafi masallaci. Na shiga zauren su Lawal, na sa hannu a takalmi, na buɗe ɗakin kaya, na ɗauke Tsako, na mayar da makulli inda yake. Har na samu sahun ƙarshe na yi salla. Wannan yana cikin abin da har yau nake jin kunyar Ubangiji a kansa.

Da aka nemi makirufo aka rasa, ba a ga alamar fasa ƙofa ba. Malam Sada ya tara ƙungiya, ni ma na je, wai jaje. Ya ce, "Lawal, kai ɗai ke da makulli. Hwaɗa mani gaskiya, mi ya faru?" Lawal ya ce bai sani ba. Ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na dubi ƙasa. Aka dakatar da shi. A makon nan ne wasu mutane suka zo daga wata babbar ƙungiya neman 'yan wasa, kuma kowa ya san don Lawal suka zo. Ba su gan shi ba. Yara suka fara kiransa ɓarawon Tsako, ya kasa zama, ya koma garin Sabuwa wajen kawunsa yana dakon buhunan masara a kasuwa.

Ni kuwa waƙoƙina suka yi kyau, matasa suka fara tura su a waya. Hannuna ya riga ya saba. Na sace batirin sola a wani gida a Mabai, na sace kwamfuta a wani shago a Faskari ranar kasuwa. Kukan Tsako yana shiga duk abin da na ɗauka, amma sai in danne shi da kiɗa, in saurara da ɗan abin ji na kunne mai araha, in ji tsaf. Ban taɓa gwada waƙata a babbar sifika ba, don ba ni da ita.

Bayan wata takwas ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe da wata ƙungiya ta Faskari. A wajenmu ba a zuwa wasan ƙarshe ba tare da waƙar ƙungiya ba. Malam Sada da kansa ya tako har ƙofar gidanmu ya ce, "Kai namu ne ko ka bar mu. Yi mamu waƙa, kada mu kai ma baƙo." Da ina da hankali da na ce ba ni da lafiya. Sai na ji daɗi ma, na ce yau garin nan zai san ni.

Na zuba basira. A wurin amshi na ɗaga murya iya ƙarfina ina kiran sunan unguwarmu.

Ranar wasa fili ya cika, an yi hayar manyan sifiku. Ina tsaye kusa da teburin Malam, na sha sabuwar riga. Aka saki waƙa, 'yan wasa suna shigowa. Da aka zo amshi, sai ga kukan nan, siriri, tar, a kunnen kowa. Wani daga cikin 'yan kallo ya yi ihu, "Kai, Tsako ya dawo!" Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu a hankali. Malam Sada ya ce a sake sa wurin. Aka sake. Ya cire tabaraunsa ya dube ni ya ce, "Da mi ka ɗauki waƙar ga?" Nan take jama'a suka yo kaina.

Malam ne ya hana a dake ni. 'Yan sanda suka je ɗakina suka kwashe komai a gaban Inna, har da batirin da kwamfutar. Inna ba ta yi kuka ba, bargonta kawai ta cire daga ƙofa ta ninke. Alƙali ya ba ni shekara biyu da rabi.

A gidan yari na yi wata huɗu ba na magana da kowa. Akwai wata tsohuwar ƙwallo mai faci da fursunoni ke bugawa a tsakar gida da yamma. Wata rana suka rasa gola, wani gandiroba ya ce in tashi in tsaya. Na tsaya tsakanin bokiti biyu ba da son raina ba. Aka bugo wata ƙasa-ƙasa ta gefen hagu, kafin in yi tunani jikina ya riga ya tafi. Na kama ta na rungume, ƙasa a bakina, na kasa tashi. Suka zaci rauni na ji, alhali kuka nake yi. A nan na gane irin son da nake yi wa ƙwallo, kuma a nan na gane abin da na raba Lawal da shi.

Da na fito, na durƙusa gaban Inna, sannan na je wajen Malam Sada. Ya ce, "Ni na yahe. Nawa ƙarhe ne kawai. Tahi Sabuwa wajen Lawal."

Na samu Lawal a kasuwa, yana ɗingishi. Buhu ne ya faɗo masa a gwiwa, ba a yi ɗorin daidai ba. Na ce masa ni ne, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Tun ranar na sani. Wa ya san inda makullin yake in ba kai ba? Innarka na duba, shi ya sa ban hwaɗi ba. Na ɗauka za ka yi magana da kanka." Ya kai ni ɗakinsa, ya jawo takalman nan daga ƙarƙashin gado ya miƙo mini. "Na yahe ma. Riƙe, ni ban da abin yi da su."

Ƙannena, masu haɗa waƙa a ɗaki da masu buga ƙwallo, sana'arku ba laifi ba ce. Yi da abin da kake da shi, ko da muryarka za ta fita kamar daga randa. Abin da ba naka ba, ko kwali ne, tambaya kafin ka ɗauka. In kuma ka riga ka yi ɓarna aka kama wani a madadinka, buɗe baki a ranar, kada ka dubi ƙasa kamar yadda na yi. Ni shekara biyu da rabi na yi na fito, Lawal kuwa ba zai ƙara gudu ba har abada.

Yanzu na koma tsaron raga a filinmu, duk yamma, da takalmansa. Sun matse ni, don ƙafata ta fi tasa girma. Ban yi niyyar sayen wasu ba.