Baƙuwar Gwamnati a Gidan Lado

Duk wanda ya ci kasuwar Kurfi a shekarun nan ya san Kande mai daddawa, mutuniyar Barkiya, doguwar mace mai tafiya a duƙe kamar ta yar da allura. Ba haka Allah ya halicce ta ba. Jinyar yayanta Lado ce ta lanƙwasa ta.

Mijinta ya rasu a shekarar babban farin nan, ba ta da ɗa a raye, sai ta tattaro komatsanta ta dawo gidan Lado. Shi kuwa mahaƙin rijiya ne, ƙato, rijiyoyi da yawa tsakanin Barkiya da Birchi aikin hannunsa ne. Ya riƙe ta da mutunci, bai taɓa yi mata gorin tuwo ba. Ana nan, shekarar da aka canja launin takardun kuɗi, wata rijiya ta rufta masa. An zaro shi da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Dangi suka yi ta zaryar sannu har ƙafa ta ɗauke, kowa ya kama gabansa, aka bar wa Kande.

Kullum safiya sai ta ɗora ruwa, ta kau da kai ta wanke abin da bai kamata ƙanwa ta gani a jikin yayanta ba, ta sake masa tabarma, sannan ta goya shi zuwa gindin dalbejiyar ƙofar gida. Nan yake ganin mutane, a gaishe shi, ya tsokani masu wucewa. Wannan fitar ita kaɗai ta rage masa a duniya. Amma yau da gobe sai Allah. Kande ta fara ciwon baya, kullum da ƙyar take durƙusawa.

A daminar 1987 mai unguwa ya zo da labari. Gwamnati za ta ba masu jinyar 'yan uwa a gida keken guragu da hatsi, kuma wata ma'aikaciya za ta zo daga Dutsin-Ma ta duba gidaje. Hatsin bai dami Kande ba kamar keken. In akwai keke, ko bayanta ya ƙi, Lado zai ci gaba da fita.

To, ga inda aka yi ta. Baƙuwa za ta zo, baƙuwar ma ta gwamnati, sai ta tarar da Lado mai rijiya a yagaggiyar tabarma? Kande ta ce ba a gabanta ba. Ta aro gadon ƙarfe da zanen gado wajen maƙwabciyarta Rahamatu, ta sa wanzami ya yi masa aski, ta zura masa babbar rigarsa ta Sallah, ta turare ɗakin, ta sa aka yanka kazarta ɗaya tilo. Kada ka yi mata dariya, mai karatu. Wallahi ko kakarka ce haka za ta yi.

Ma'aikaciyar, Malama Keziya, 'yar kudancin Kaduna ce mai fara'a. Ta zauna ta ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Lado.

Ta juya ga Kande. "Inna, abinci yana isarku kuwa?"

Rumbu babu ko zangarniya, amma bakin Kande ya kasa. Ta ce, "Allah ya rufa asiri, ɗiyata."

"Ɗaukarsa fa? Ba ya ba ki wahala?"

Lado yana kwance yana ji, yaya za ta ce ya yi mata nauyi? "Haba, ai ɗan uwa ba ya nauyi."

Da aka raba kekunan, nasu bai fito ba.

Ranar kasuwa Kande ta bar wa Rahamatu amanar Lado, ta shiga akori-kura zuwa Dutsin-Ma, tana tambaya har ta sami ofishin. Can, da yake babu Lado a kusa, ta faɗi komai tana hawaye, har gadon aro.

Malama Keziya ta ce, "Inna, na san 'da sauƙi' ɗin da Baba ya ce gaisuwa ce kawai. Amma kekunan kaɗan ne, kuma abin da ido ya gani shi ake rubutawa. Na ga gadon ƙarfe, na ci kaza. Akwai ragowar keke ɗaya. Zan zo da ogana wata safiya ba tare da aike ba. Don Allah ki bar Baba yadda yake kwana, kada ki gyara komai sai mun gani."

Kande ta dawo gida da maganar. Da ta gaya wa Lado, bai yi gardama ba.

"To, ki bar ni," ya ce. "Ba don ni ba, Kande. Ina jin numfashinki in kin goya ni."

Daga ranar ta daina ɗora ruwan safe. Sai ta zauna a bakin ƙofa, kunnenta na kan hanya, shi kuwa yana ciki cikin ƙazantarsa, ƙudaje na bin sa. In rana ta take ba a ji mota ba, sai ta tashi ta wanke shi tana ba shi haƙuri. Babu abin da ta taɓa yi a rayuwarta da ta tsana kamar wannan. Har gyambo ya buɗe masa a ƙugu.

Suna cikin haka rediyo ya ce Katsina ta sami jiharta, aka yi ta kiɗa a Kurfi. Bayan 'yan makonni mai unguwa ya tsaya a ƙofa, ya ce an raba ma'aikata, Malama Keziya na cikin waɗanda aka mayar Kaduna. Sabbin da suka zo sun ce a jira sabon tsari.

Kande ta ce, "Allah ya sa hakan ne alheri."

Washegari da sassafe ta ɗora ruwa, ta wanke shi tas, ta shafa masa man shanu a gyambon. Ta durƙusa ta juya masa baya, ya rataya hannuwansa a wuyanta. Ta yi bismillah ta yunƙura, wani abu ya soke ta daga ƙugu har ƙeya, ta koma ƙasa. Ta sake yunƙurawa, gwiwoyinta suka ƙi.

Lado ya saki wuyanta a hankali.

"Bar shi, Kande," ya ce. "Ɗage mini labulen ƙofar kawai. Daga nan ma ana jin masu wucewa."