Makullin da ke Jakar Malama

Ranar Talata, tara ga watan Mayu, ina tsaye a ƙofar ɗakin bincike ina jiran ki zo ki buɗe, aka bugo mini waya cewa Mai rai Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muke, kuma can muka nufa. Zazzaɓi ne kawai, haka kika ce mana, kwana biyu za ki dawo. Malama, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Kin ƙarar da rayuwarki a kan wata 'yar tsoka da ke maƙogwaro, wadda ke fitar da sinadarin homon da jariri ke bukata don ya yi girma, ƙwaƙwalwarsa ta buɗe. Ke kika bi diddigin wani canji a ƙwayoyin gado da ke hana ta aiki a wasu zuri'o'i, har ya zama ɗigon jini daga dunduniyar jariri ya isa a gane matsalar kafin ta yi ɓarna. Ba na mance matar da ta shigo mana da 'yarta sanye da kayan makaranta, ta ce, "Likita, ga wadda aka ce ba za ta yi magana ba. Yanzu surutunta ya ishe mu." Kika yi dariya har da hawaye, kika ɗora yarinyar a kujera ta leƙa madubin bincike.

Ni kuwa ɗalibarki ce da kika laƙaba wa suna Garaje, don komai da gudu nake yinsa. Ke kika zaunar da ni kika koya mini renon ƙwayoyin halittar nan da ke cikin akwatin ɗumi, waɗanda kike kira 'ya'yanki. A kansu ake gwada wani sabon maganin wannan matsalar. Tun da firiza ta lalace bara muka rasa na ajiya, su kaɗai suka rage. Suna kwance a kwalabe cikin wani jan ruwa da ke ciyar da su. In ya fara komawa launin ɗorawa, yunwa ce, in aka yi jinkiri sai su mutu. Ba kya barin kowa ya canza musu ruwa sai kina tsaye, kuma makullin ɗakin ba ya barin jakarki.

Shi ya sa a gidanki, ana ta karɓar gaisuwa, ni hankalina yana kan jakar da ke rataye bayan ƙofa. Na tashi, na zauna, na fita tsakar gida, na dawo. Da wane baki zan tambayi makulli a gidan da aka fita da gawa? In kuma na yi shiru, aikin shekaru ya tafi ina ji ina gani. Kunya da tsoro suka haɗu suka hana ni sakat.

Maigidanki ne ya lura. Ya aiko a kira ni, ya miƙo mini makullin, idonsa jajur.

"Garaje, tashi ki tafi," ya ce. "Ko a gadon asibiti tambayarta ke nan, wa zai ba yaran nan abinci. Ta ce a ba ki, amma ki yi a hankali."

"Baba, in bar ku a haka?"

"Mu muna da masu zama da mu. Su ba su da kowa."

Na tarar ruwan ya koma ɗorawa. Na cikin yawancin kwalaben sun mutu. Ɗaya ce na ga sauran rai a cikinta, na canza mata ruwa, ina ta waiwaye ko zan ji kin ce in rage sauri. Har yau ba ta gama farfaɗowa ba, kullum da fargaba nake buɗe akwatin. Amma da safiyar nan na duba, na ga ƙwayoyin sun fara rabuwa biyu, alamar sun soma hayayyafa.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane yaron da ya buɗe baki ya kira uwarsa ta dalilin aikinki ya zame miki lada mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba da 'ya'yanku da dukkan dangi, Allah Ya ba ku haƙuri. 'Ya'yanki na cikin akwati kuma sun ci abinci, kuma a hankali na ba su.